Tambaya da Amsa: Abin da Hasken Leza Ke Bayyanawa Idan Ya Warwatsu

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun haɗu a kan magana ɗaya, wato yadda ake amfani da hasken leza wajen auna yadda abubuwa ke warwatsa haske. Saboda haka na tara su wuri guda, na kuma taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karanta kimiyyar fiziks. A ɗakin gwaji mun haska leza ja cikin kwalbar ruwa mai tsabta, ba mu ga zaren hasken daga gefe ba, amma da aka barbaɗa ɗan garin alli a ciki sai zaren ya fito jawur daga wannan bango na kwalbar zuwa wancan. Malaminmu ya ce da irin wannan ake auna abubuwa da yawa a masana'antu. Mene ne ainihin abin da ake aunawa, kuma me ya sa sai leza, ba fitila ba?

Amsa: Barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ka gani a kwalbar nan shi ne tushen fannin gaba ɗaya. Ido ba ya ganin hasken da ya gifta ta gabansa, sai wanda ya shiga cikinsa. Zaren leza da ke ratsa ruwa garai-garai yana tafiya ne gaba ɗoɗar, kusan babu abin da ke karkato shi zuwa inda kake tsaye, amma da garin alli ya shiga, sai kowace ƙwaya ta tare ɗan rabonta na hasken ta watsa shi ta ko'ina, har wani ya faɗo idonka. John Tyndall ya yi nazarin wannan lamari a Landan wajen 1869, shi ya sa har yau ake kiransa da sunansa.

Abin da na'ura ke aunawa kuwa abu ɗaya ne tak: yawan hasken da ya iso wata kusurwa. Ana kafa leza a wuri ɗaya, a ajiye samfurin a tsakiya, sannan a ɗora ƙaramin ido mai juya haske zuwa lantarki a kan hannu mai kewaya samfurin, ko kuma a jera idanu da yawa a kusurwoyi daban-daban. Girman ƙwayoyi, da kaushin fuskar abu, da yawan ƙura, duk lissafi ne ake fitar da su daga wannan awo, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau, domin kusan duk kuskuren da ake yi a wannan aiki daga mantawa da shi yake tasowa.

Dalilin fifita leza shi ne lissafin yana buƙatar a san abu biyu sarai, wato tsawon zangon hasken da kuma inda ya dosa. Haske igiya ne mai tafiya kamar igiyar rediyo, kuma kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango, haka kowane launi ke da nasa zangon, sai dai na haske ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Farar fitila tana zubo zango iri-iri a cakuɗe, daga kusan nanomita 400 zuwa 700, tana kuma baza su ta kowace fuska. Leza kuwa launi ɗaya take fitarwa, cikin siririn zare wanda ba ya buɗewa sai kaɗan, kuma duk ƙarfinta yana taruwa a ɗan ƙaramin tabo. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a Amurka a watan Mayu na 1960, kuma wadda ta fi daɗewa a ɗakunan awo ita ce mai iskar heliyam da niyon, mai jan haske na nanomita 632.8, kodayake yanzu ƙananan leza irin na lantarki sun maye gurbinta a na'urori da dama.

Ka'idojin da ake fassara awon da su sun girmi leza nesa ba kusa ba. A 1871 Lord Rayleigh ya nuna cewa ƙwayoyin da suka fi zangon haske ƙanƙanta sosai suna warwatsa gajeren zango fiye da dogo, kuma bambancin yana hauhawa da sauri, har shuɗin haske na nanomita 450 yana warwatsuwa kusan ninki shida na jan haske na nanomita 700. Wannan ne ya sa sama ta yi shuɗi da rana. Idan kuwa girman ƙwayar ya kusanci zangon hasken ko ya zarce shi, lissafin Rayleigh ba ya aiki, sai a koma ga wanda Gustav Mie ya buga a Jamus a 1908 yayin da yake neman bayanin launin ruwan da ƙananan ƙwayoyin zinariya ke yawo a ciki. Irin waɗannan manyan ƙwayoyi ba su cika bambanta launuka ba, abin da ya sa gajimare fari ne, kuma suna tura mafi yawan hasken gaba. Ƙwaya mai faɗin maikiromita 10 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita) tana tattara babban rabon jan hasken leza cikin kusan digiri huɗu da rabi daga tsakiyar zaren, mai faɗin maikiromita 100 kuwa ba ta kai rabin digiri ba. Wato ƙaramar ƙwaya tana buɗa haske, babba tana matse shi, kuma a kan wannan aka gina na'urorin da ke auna laushin garin siminti da garin magunguna da ƙasar noma cikin 'yan daƙiƙu.

Akwai wata dabara da nake so kowane ɗalibi ya gani da idonsa. Hasken da ya warwatsu yakan yi rauni ƙwarai, ta yadda fitilar ɗaki kaɗai za ta iya binne shi. Sai a sa wani faifai mai ramuka yana juyawa a gaban leza, yana datse zaren sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, sannan a haɗa idon na'urar da wani amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, wanda ba ya sauraren komai sai abin da ke ƙyaftawa daidai da wannan bugu. Kamar mutum ne da ke gane muryar ɗan'uwansa cikin hayaniyar taro saboda ya san karinta.

Tambaya: Malam, ina aiki a wurin da ake goge gilashi da ƙarfe don yin madubin na'urori. Wani lokaci madubi biyu sukan yi sumul iri ɗaya a ido da kuma a yatsa, amma mai saye ya karɓi ɗaya ya mayar da ɗaya, ya ce awon leza ya nuna yana da kaushi. Yaya haske zai gane kaushin da hannu bai ji ba?

Amsa: Malam, mai sayen nan bai zalunce ku ba, domin ma'aunin yatsa da na haske ba ɗaya ba ne. Haske yana gwada tudu da kwarin fuskar abu ne da nasa zangon, wanda bai kai maikiromita ɗaya ba, alhali gashin kan mutum ma yana da kauri wajen maikiromita 70. Madubi cikakke zai mayar da dukan zaren leza ta kusurwa ɗaya tak, daidai da wadda ya zo da ita. Duk ɗan tudu ko kwari da gugar ta bari yana sa wani ɓangare na igiyar ya riga wani ɓangare dawowa, kuma wannan saɓani ne ke watsa haske zuwa gefe.

A 1961 Bennett da Porteus sun fitar da alaƙar da ake amfani da ita har yau ga fuskoki masu santsi sosai. Idan matsakaicin kaushin madubi nanomita ɗaya ne, kuma aka haska masa jan haske na nanomita 633 kai tsaye, kusan kashi huɗu cikin dubu goma na hasken da ya dawo zai kauce wa hanya. Idan kaushin ya ninka sau biyu, hasken da ke kaucewa zai ninka sau huɗu, idan ya ninka sau goma kuwa sai ya ninka sau ɗari. Ka ga ke nan bambancin da ba za ka taɓa ji a yatsa ba yana fitowa ƙuru-ƙuru a na'ura. Ga madubin hangen taurari, wannan ɗan haske da ya ɓace shi ne ke zama hazo a kewayen tauraro mai ƙarfi har ya rufe raunanan da ke kusa da shi, kuma masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da irin wannan awo suke farautar ƙura da karce a kan faifan silikon.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a tattara dukan hasken da ya kauce a auna shi gaba ɗaya, ta amfani da wata ƙwallo mai rami wadda aka shafe cikinta da farin abu mai mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kansa. Richard Ulbricht ne ya fito da ita a Jamus a 1900. Wannan hanya tana da sauri, lamba ɗaya take bayarwa. Ta biyu ita ce a zagaya da idon na'ura kusurwa bayan kusurwa a zana taswirar inda hasken ya tafi, abin da masana ke taƙaita sunansa da BRDF, wanda Fred Nicodemus ya tsara ma'anarsa a 1965. A ganina wannan ta biyun ce ta fi amfani ga mai guga kamarka, domin tana nuna irin laifin. Idan injin gugarku yana barin layuka masu bin fuska ɗaya, hasken zai miƙe ya yi zane a gicciye da layukan, kuma nisan zanen daga tsakiya zai gaya maka tazarar da ke tsakaninsu. Ka roƙi mai sayen ya ba ka wannan taswira tare da zangon lezar da kusurwar da aka haska ta. Kafin a sake awo kuma a tabbata an wanke madubin sosai, saboda ƙwayar ƙura guda da ta faɗa cikin tabon leza tana iya ba da haske fiye da dukan kaushin da ke wurin. A na'urori mafiya inganci ma, iskar da ke cikin ɗakin ita kanta tana warwatsa ɗan haske, kuma ita ce ke zama iyakar abin da za a iya aunawa.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin ingancin ruwan sha. Muna da na'urori biyu na auna gurɓacewar ruwa, dukansu an saita su, amma idan na zuba samfuri ɗaya sai kowace ta ba da lambarta daban. Wace ce ke faɗin gaskiya?

Amsa: Malama, mai yiwuwa ne ƙwarai dukansu biyun suna aiki daidai, kuma wannan tambaya taki ita ce ta fi kusa da zuciyata a cikin biyar ɗin. Na'urar auna gurɓacewar ruwa tana haska zare ta cikin kwalba, ta sa ido a gefe, a kusurwar digiri 90, ta auna hasken da ya karkato. Lambar da take bayarwa, wadda ake rubutawa da NTU ko FNU, tana nufin cewa wannan ruwa ya karkato haske daidai da yadda wani sanannen haɗi mai suna fomazin zai karkato shi. Da fomazin ake saita na'urorin, don haka idan kika zuba musu fomazin dole bakinsu ya zo ɗaya. Amma ruwan da ke zuwa miki yana ɗauke da laka, da gansakuka, da tsatsa, da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda girmansu da siffarsu da launinsu suka sha bamban da na fomazin.

Ki duba takardar kowace na'ura ki ga irin hasken da take amfani da shi. Akwai masu bin tsarin hukumar kare muhalli ta Amurka, waɗanda ke amfani da farar fitila. Akwai masu bin ka'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 7027, waɗanda ke amfani da haske na nanomita 860, wanda ido ba ya gani. Akwai kuma masu jar leza, da aka ƙera don ruwa mai tsananin tsabta, kamar wanda ya fito daga matatar ƙarshe. Ruwa mai launin ƙasa-ƙasa yana shanye wani ɓangare na farin haske kafin ya kai idon na'ura, sai lambar ta sauka, alhali haske na nanomita 860 bai cika damuwa da launin ba. Ƙwayoyi ƙanana sosai kuma, kamar yadda Rayleigh ya nuna, sun fi amsa gajeren zango. Ga hanyoyi biyu ke nan da samfuri ɗaya zai ba da lamba biyu ba tare da wata na'ura ta lalace ba.

Sai kuma abubuwan da ke hannunki. Ki ɗaga kwalbar awon ki dube ta a gaban haske: ƙananan kumfar iska da suka manne a bangonta suna walƙiya kamar ƙwayoyi, kuma na'ura ba ta bambanta su da laka. Shatin yatsa, da karce a gilashi, da raɓar da ke taruwa a bayan kwalba idan ruwan ya fi ɗakin sanyi, duk suna ƙara lamba. Samfurin da aka bari ya zauna kuwa manyan ƙwayoyinsa sun kwanta, sai lambar ta ragu. A ɗaya ɓangaren, idan ruwan ya yi kauri ƙwarai, hasken yakan ci karo da ƙwayoyi da yawa kafin ya fita, har ya kai matsayin da ƙarin laka ke rage hasken da ke isa ido maimakon ƙara shi, kuma a nan dole a sirka samfurin da ruwa mai tsabta a sake lissafi.

Wannan awo ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwan da za a kashe wa ƙwayoyin cuta ya kasance ƙasa da NTU 1, saboda ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin laka su tsira daga sinadarin kilorin, kuma ido ba ya fara ganin gurɓacewa sai an kai wajen NTU 4. Shawarata ita ce ki zaɓi na'ura ɗaya don rahoton yau da kullum, ki riƙa rubuta irinta a jikin kowane sakamako, kuma kada a haɗa lambobin na'urorin biyu a jadawali ɗaya kamar abu ɗaya suke aunawa.

Tambaya: Malam, na sayi 'yar na'ura mai nuna yawan ƙura a iska da lambar PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba. Na lura da asuba, idan akwai raɓa, lambar tana tashi ko da ba hayaƙi. Shin da gaske tana auna nauyin ƙura?

Amsa: Ba ta auna nauyi, Malam, ƙiyasta shi take yi. A cikinta akwai ɗan fanka da ke jawo iska ta wani lungu, da ƙaramar leza da ke ratsa lungun, da ido a gefe. Duk ƙwayar da ta gifta zaren sai ta yi ƙyalli sau ɗaya, na'urar ta ƙirga ƙyallin, ta kimanta girman ƙwayar daga ƙarfinsa, sannan ta ɗauka cewa ƙwayar zagayayyiya ce mai wani nauyi da masana'anta suka zaɓa tun farko. Hayaƙin itace, da ƙurar ƙasa, da gishirin teku kuwa ba su da nauyi ɗaya, ba sa kuma warwatsa haske iri ɗaya. Yawancin irin waɗannan na'urori ba sa ganin ƙwayar da ta gaza kusan kashi uku cikin goma na maikiromita.

Abin da kake gani da asuba yana da dalili sananne. Ƙwayoyi da yawa suna tsotsar danshi daga iska su kumbura, kuma kumburarriyar ƙwaya tana ƙyalli fiye da busasshiya, sai na'urar ta lissafa ruwan a matsayin ƙura. Tashoshin hukuma suna kauce wa wannan ta hanyar busar da iskar, kuma ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne a tace iska ta cikin takarda na tsawon awa 24 a auna takardar a sikeli kafin da bayan. Duk da haka kada ka raina na'urarka. Tana da kyau ƙwarai wajen nuna lokacin da iska ta ɓaci da lokacin da ta gyaru a wuri ɗaya, kuma wannan ya isa ya sa ka rufe taga ko ka buɗe ta. Abin da ba zan yi da ita ba shi ne in ɗauki lambar safiya mai raɓa in gwada ta kai tsaye da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ya sa maikirogiram 15 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a matsayin iyakar matsakaicin awa 24.

Tambaya: Malam, ni malamar makarantar sakandare ce, ina so in nuna wa ɗalibaina gwajin kwalba da leza. Akwai haɗari?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, gwajin yana da sauƙi kuma yara ba sa manta shi, amma haɗarin ido gaskiya ne. Ido yana tattara zaren leza ya mayar da shi ɗigo ƙanƙane a bayansa, kuma ƙunar da ta samu wannan wuri sau da yawa ba ta warkewa. Ki nemi jar leza da aka rubuta wa aji na 2, wadda ƙarfinta bai wuce miliwat ɗaya ba. Ki guji korayen nan marasa tabbataccen tambari, domin ƙarfin wasunsu ya zarce abin da aka rubuta a jikinsu, wasu kuma suna fitar da ƙarin hasken da ido ba ya gani, wanda ba zai sa yaro ya ƙyafta ba. Ki ɗaure lezar a kan tebur ƙasa da tsayin idon yaran da ke zaune, ki sa baƙin kwali a bayan kwalbar ya tare zaren, ki cire agogo da zobe da duk wani abu mai ƙyalli daga wurin, kuma ki tuna cewa bangon kwalbar shi ma yana mayar da ɗan zare baya, don haka ki nemo inda ya sauka kafin yara su shigo. Ki fara da ruwa zalla, ki ɗiga ruwan sabulu ɗigo-ɗigo, ki sa yaran su kalli zaren daga gefe, sannan su kalli tabon da ke kan kwalin yadda yake dusashewa yana buɗewa yayin da zaren cikin kwalbar ke ƙara fitowa.